Daga Ina "Banga" Ta Fito, Kuma Wa Ya Zubar Mata Da Mutunci?



Na san wannan rubutu ba zai yi wa wasu daga cikinmu daɗi ba, musamman waɗanda ake damƙa wa jakar "kuɗin yara" ranar taro. Ku yi mani haƙuri ku kai ƙarshensa kafin ku yanke mani hukunci. Ni ma na taɓa riƙe jakar nan, kuma zan faɗi abin da ya biyo baya.

Kwanakin baya muna dawowa daga wani taro a Tsafe, mota ɗaya da wani dattijo mutumin Bungudu, tsohon malamin makaranta da ya daɗe yana koyar da Turanci kafin ya yi ritaya. Mun wuce Kwatarkwashi ke nan sai ga motocin yaranmu sun biyo mu a guje, bas biyu da a-kori-kura ɗaya. Wasu a kan rufi, wasu rabin jiki a waje ta taga, ana kaɗa gora, ana ihu, ana dukan jikin mota kamar ganga. Wani bawan Allah a kan babur, ya goyo matarsa da buhun hatsi, sai da ya gangara gefen hanya kafin ya tsira. Direbanmu ya yi dariya ya ce, "'Yan banga ke nan, Allah shi bar mu da ku!" Dattijon nan bai yi dariya ba. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai da kaka rubuce-rubuce, ko ka san mi aka nuhi da banga?"

Na ce, "Baba, ai ga ta nan ta wuce mu yanzu."

Ya ce, "A'a. Wagga da taw wuce ba ita ba ce. Suna kawai yar rage."

Abin da ya faɗa mani a sauran tafiyar shi ne tushen wannan rubutu, na kuma je na ƙara dubawa. Bangar da muke faɗa a siyasa ba Hausa ba ce tun asali. Kada a haɗa ta da banga ta makaɗan fada, waccan ƙaramar ganga ce, hanyarsu daban. Tamu aro ce daga kalmar Turanci "vanguard". Bahaushe ba shi da harafin "v" a bakinsa, duk inda ya gamu da shi yakan mayar da shi "b". Haka "visa" ta koma biza, "veranda" ta koma baranda, "driver" ya koma direba, "television" ta koma talabijin. Ƙarshen kalmar kuma ya yi wa harshe nauyi, sai aka sauke shi. "Vanguard" ta zama banga.

Su ma Turawan Ingila aro suka yi daga Faransanci, fiye da shekara 500 da suka wuce. Asalinta "avant-garde": "avant" shi ne gaba, "garde" kuwa tsaro. Wannan "garde" ɗin ita ce "guard" ta Turanci, wadda muka sake arowa ta wata ƙofa muka ce gadi. Wato ɗan banga da mai gadi 'yan uwan juna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗaya yana kwana a ƙofar shago don kada a fasa. Ɗayan kuwa, to, kun san abin da ke sa masu shaguna a Tudun Wada da Sabon Gari su ja ƙofa su sa kwaɗo da zarar sun ji ayarin 'yan siyasa ya doso.

A yaƙin Turai na da, runduna kashi uku take tafiya: na gaba, na tsakiya, na baya. Na gaban su ne "vanguard". Su ke fara taka hanya, su gano inda abokan gaba suka yi kwanto, su nemi inda za a yada zango, su kuma fara karɓar ruwan kibau idan an haɗu. Ba a saka mashayi a wannan sahu, ba a saka wanda ba ya jin umarni, domin kuskurensa ɗaya zai iya halaka duk waɗanda ke bayansa. Wuri ne na girma, manyan jarumai ke neman a ba su jagorancinsa. Daga fagen fama kalmar ta shiga siyasa. Lenin na Rasha, tun a 1902, ya yi ta nanata cewa ana buƙatar 'yan tsiraru masu ilimi da horo su shige gaba su ja talakawa, aka riƙa kiran irin wannan jam'iyya da wannan suna. A Najeriya ma, a shekarun 1950, akwai ƙungiyar matasa a cikin NCNC mai suna Zikist National Vanguard. Har yau akwai jaridar Vanguard da ake bugawa a Legas tun 1984.

Abin dariya, in dai abin dariya ne, ku dubi allunan da muke bugawa da kanmu. Ƙungiyoyin goyon baya nawa ne a garin Gusau da suka rubuta "Youth Vanguard" a jikin kyallensu, da hoton maigida a gefe? Da Turanci muna alfahari da sunan, har muna ɗinka riga da shi. Amma ka je neman aure a Bungudu, waliyyin yarinya ya tambayi sana'arka, ka ce masa kai ɗan bangar siyasa ne, ka ga ko za ka ƙarasa shan ruwan da aka kawo maka. Kalma ɗaya ce fa.

Dattijon ya ja hankalina kan wani bambanci da ban taɓa lura da shi ba. Turawa suna da nasu kalmomin na masu hayaniya da tayar da zaune tsaye. Akwai "hooligan", wadda ta cika jaridun Landan a 1898 a cikin rahotannin kotu kan gungun samari masu addabar unguwanni, kuma galibin masana sun tafi a kan cewa daga sunan wani gida na mutanen Ailan ta fito. Akwai "thug", wadda 'yan jaridarmu ke yawan fassarawa da ɗan daba, ita kuma daga Indiya Turawa suka ɗauko ta, daga kalmar da ke nufin ɗan damfara, sunan da aka sa wa gungun 'yan fashi masu shaƙe matafiya waɗanda mulkin mallaka ya yaƙa a shekarun 1830. Waɗannan tun daga haihuwa zagi ne, ba su yi asarar komai ba. Banga kuwa da mutuncinta ta iso ƙasar Hausa. A hannunmu ta lalace.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Daba asali wurin taruwar mafarauta ne. A Borno, 'yan bangar siyasa na farkon wannan jamhuriya ECOMOG aka riƙa kiransu, sunan rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma da aka tura Laberiya a 1990, inda sojojinmu da yawa suka bar rayukansu. A Bauchi dai ba a ɓoye ba, aka ce sara-suka. Gombe ta ce kalare, Katsina ta ce ƙauraye, Kano ta ƙara da 'yan jagaliya. Kowace jiha da nata suna, aikin ɗaya.

Yanzu bari mu koma inda abin ya fara, domin a nan ne hujjar da ake kawo mana yau ta samo asali. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, NPC kuma ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. A wancan zamani 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari duk suna hannun En'e, En'e kuwa kowa ya san inda ta karkata. Ɗan NEPU yana iya hawa mumbari da la'asar, ya kwana a ɗaure. A Kano har wata ƙungiya ta bayyana da ake kira Jam'iyyar Mahaukata, aikinta tarwatsa tarukan NEPU da dukan 'ya'yanta. Ku dubi sunan kawai. NEPU ita ma ba ta naɗe hannu ba, tana da Rundunar Samarin Sawaba, ta kuma kafa wani reshe na masu mayar da martani. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Wannan guguwa ba ta tsallake mu ba. Gusau gari ne na layin dogo tun 1929 da jirgi ya ratsa zuwa Kaura Namoda, garin auduga da gyaɗa da baƙi, garin da Sardauna kansa ya zauna yana wakiltar Sarkin Musulmi tun daga 1938. A irin waɗannan garuruwa na bakin dogo ne adawa ta fi samun gindin zama a lardin Sakkwato, kuma a nan siyasa ta fi zafi.

Zan yi wa 'yan bangar farko adalci. Da yawansu masu sana'a ne: teloli, mahauta, 'yan koli, masu gyaran keke. Sun san abin da jam'iyyarsu ke faɗa, suna iya tsayawa su yi maka bayanin haraji da jangali da aikin tilas. Wasu da kuɗin aljihunsu suke sayen katin jam'iyya. Idan suka kewaye shugabansu a wurin lacca, don an sha jifarsa ne. A lokacin kalmar ba ta yi nisa da asalinta ba. Amma ku lura da abu ɗaya: kowane ɓangare cewa yake yi kare kansa yake. Babu wanda ya taɓa cewa shi ne ya fara. Kuma gorar da aka ɗauka don tare duka, ba ta daɗe sai ta koyi kai duka.

A Jamhuriya ta Biyu abin ya ƙara gaba, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye mu da muke tsagi a cikin jam'iyya. PRP ta dare gida biyu, santsi da taɓo, 'yan gida ɗaya suka koma ba sa ga maciji. A cikin wannan yanayi na zaman doya da manja, da rikicin gwamnati da fada, aka yi tarzomar Kano ta ranar 10 ga Yuli 1981, inda aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa, a gidansa. Mutum mai ilimin da ƙasa ta yi shekaru tana ginawa, taron masu ihu ya gama da shi a yini ɗaya.

Ba sai mun je Kano neman darasi ba. Wa ya manta Oktoban 2018? Zaɓen fid da gwani na APC a Zamfara ya rikice, kwamitin da uwar jam'iyya ta turo ya soke shi saboda hargitsi, aka turo wani kwamitin shi ma bai iya kammalawa ba har wa'adin hukumar zaɓe ya cika. Ba na nan don in ce wane ne mai laifi, kowa a cikinmu yana da nasa labarin na waɗancan kwanaki, kuma wasu da suka yi faɗa a lokacin yau suna cin tuwo a kwano ɗaya. Abin da ba a musu a kai shi ne sakamakon. An shiga babban zaɓe a 2019, ɗan takarar gwamna na APC ya samu ƙuri'a fiye da rabin miliyan, wanda ke biye da shi bai kai dubu 200 ba. Ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, don haka ƙuri'un nan duk sun tafi a banza. Kujerar gwamna, sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7, 'yan majalisar jiha 24, duk suka suɓuce a zama ɗaya. Ko kana cikin waɗanda suka yi kuka ranar, ko kana cikin waɗanda suka yi rawa, ka tambayi kanka: alƙalan nan biyar sun tambayi ɓangaren da ya fi yawan yara? Takarda suka duba. Gora ba ta da lamba a cikin fayil.

Sannan Zamfarawa sun nuna sau biyu, a 2011 da 2023, cewa suna iya kayar da gwamna yana kan kujera. Waɗanda suka yi wannan aiki ba masu hawa rufin mota ba ne. Mata ne da suka tsaya a layi da goyo tun hantsi, da tsofaffi masu sanda, da manoman da ba ka taɓa ganinsu a wurin gangami ba. Mutanen da ba sa ihu. Su ne kuma mutanen da ayarinmu ke turewa gefen hanya.

Yanzu ga nawa laifin. A wani zaɓe da ya wuce, ni aka ba aikin tara yara daga unguwarmu. Aka ba ni kuɗin mota, kuɗin abinci, da wani kaso da ba a faɗi sunansa ba amma kowa ya san na mene ne. Ban sayi ƙwaya da hannuna ba, wannan ita ce hujjar da na daɗe ina lallashin zuciyata da ita. Na dai miƙa kuɗin ga wanda na san zai saya. A cikin yaran akwai ɗan maƙwabciyarmu, marayan da bai wuce shekara 19 ba, yana koyon walda. Ni na je har ƙofar gida na kira shi. A wurin taron aka yi arangama da wani ayari, kuma wallahi har yau ban san abin da ya haɗa su ba, su ma ba su sani ba. Aka sare shi a hannun dama. Na kira lambar wanda ya ba ni jakar har sau bakwai a daren, tana shiga ba a ɗauka, daga baya aka kashe wayar. Uwar yaron ta sayar da keken ɗinkinta aka biya kuɗin asibiti. Yatsunsa biyu ba sa lanƙwasa har yau, walda ta gagara.

Da na je gaishe su, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi. Cewa ta yi, "Malam, kai kaz zo kaɗ ɗauke shi nan ƙohwar gida. Ina ɗiyanka suke rannan?" Ɗana yana makaranta rannan. Na sani, ta sani.

Wannan tambaya tata ita ce ta fi kowane ƙamus bayyana yadda kalmar ta juye. A asali, na gaba shi ne mafi daraja, kuma shugaba yana cikinsu. A wurinmu na gaba shi ne wanda ransa ya fi araha. Maigida yana can baya a mota mai baƙin gilashi da 'yan sanda a gefe, 'ya'yansa suna karatu a Abuja ko Ƙasar Masar ko Ingila, ɗan mai ɗinki ne ke gaba da gora. Kuma don ya iya tsayawa a inda mai hankali ba zai tsaya ba, sai an fara raba shi da hankalin. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma wa zai rantse cewa taramol da sauran ƙwayoyi sun daina yawo a motocin kamfe? Zaɓe wata uku ne ko huɗu. Shaye-shayen da aka koya wa yaro ba ya ƙarewa ranar da aka faɗi sakamako. Bayan an rantsar da wanda ya ci, yaron da ya saba samun dubu biyu ko uku a yini yana riƙe da makami, ina kuke zaton zai nufa? Masu sayar da waya da masu babur na haya a Gusau suna da amsa.

Akwai kuma abin da ya sa maganar ta fi nauyi a Zamfara fiye da ko'ina. A nan banga tana da ma'ana ta biyu. Idan mutumin ƙauye a Tsafe ko Bungudu ya ce "'yan banga", ba masu rakiyar ɗan takara yake nufi ba. Yana nufin waɗanda ke kwana a bakin gari da bindigar toka don sauran mutane su runtsa. A watan Yunin 2013 'yan bindiga suka shiga Kizara a ƙaramar hukumar Tsafe da asuba suka kashe mutane fiye da 40, suna bin gida-gida. A watan Afrilun 2014 aka afka wa taron 'yan banga a 'Yar Galadima ta ƙaramar hukumar Maru, aka yi kisan da har yau ba a manta ba. Waɗannan su ne suka fi kusa da ma'anar farko: suna gaba, su ke fara karɓar wuta. Ta yaya za mu haɗa suna ɗaya tsakanin wanda ya mutu yana tsaron garinsu da wanda ya kifar da kaskon mai awara don an ba shi dubu biyu?

Amma ko a nan gaskiya ɗaya ce, kuma dole a faɗe ta. Duk wanda ya san yadda wutar nan ta ruru ya san cewa abin da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi, kama mutum a kasuwa a yanke masa hukunci nan take don kawai kamanninsa ko yarensa, ya ƙara mata fetur. Su ma da kare kai suka fara. Makami a hannun wanda babu rajistar sunansa, babu mai tuhumarsa, babu wanda zai amsa laifinsa, ƙarshensa ɗaya ne ko a daji ko a filin gangami. Ko kana son gwamnati mai ci ko ba ka sonta, dalilin da ya sa aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara a watan Janairun 2024, da horo da kaki da albashi, shi ne an gane cewa ƙarfi marar linzami ba ya tsayawa inda aka aike shi. Yadda aikin nasu ke tafiya kuma, wannan muhawara ce ta wata rana.

Na san abin da za a ce mani, domin an riga an faɗa mani a fuska: "Malam, kai ka cika Turanci. In muka sallami yaranmu, su wancan ɓangaren za su sallami nasu? Ranar da suka tare mu a hanya, ƙamus za ka karanta masu?" Tambaya ce mai nauyi, ba zan yi kamar ba ta da shi ba. Na taɓa kasancewa a motar da aka yi wa ruwan duwatsu, na san yadda zuciya ke bugawa. Ban ce a fita taro ba tare da masu tsare tsari ba. Ina cewa ne akwai bambanci tsakanin mutum 30 da muka san sunayensu da iyayensu, sanye da riga mai lamba, ba makami, ba maye, suna aiki tare da jami'an tsaron da doka ta ɗora wa kare taro, da kuma bas uku na yaran da ko wanda ya tara su bai san rabinsu ba. Na farko tsaro ne. Na biyu, sau nawa suka kare mu, sau nawa kuma suka jawo mana faɗan da babu shi? Ku ƙirga da gaskiya. Rabin rigingimun da na gani da idona ba da abokan hamayya aka yi su ba, tsakanin yaranmu ne wajen rabon kuɗi bayan maigida ya tafi.

Kuma ga masu son maganar doka: sashe na 227 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana kowace ƙungiya ta tara mutane, ta horar da su ko ta ba su kayan aiki domin amfani da ƙarfi ko nuna ƙarfi wajen cimma burin siyasa. Ba a aiki da shi, na yarda. Amma mu da muke ta kukan cewa an taka tsarin mulkin jam'iyya an zalunce mu, da wane baki za mu yi kukan alhali muna taka na ƙasa duk ranar gangami?

Abin da ke ba ni takaici shi ne aikin banga na gaskiya yana nan jibge babu mai yi. Zamfara tana da ƙananan hukumomi 14, mazaɓu 147, rumfunan zaɓe sama da 3,000. Kowace rumfa tana buƙatar wakilin da ya iya karatu, ya san yadda na'urar tantance masu zaɓe ke aiki, ya san ba a sa hannu a takardar sakamako sai an ƙirga a gabansa, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hotonta, ya bi ta har wurin tattarawa ko da dare ya raba. Akwai dubban mutanen da suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga suna zaune a Gusau da Tsafe da Bungudu, da yawansu katin zaɓensu ya ƙone ko ya ɓata, rumfarsu kuma tana garin da ba a iya shiga. Wa ke bi yana rubuta su, yana raka su ofishin hukumar zaɓe idan an buɗe rajista? Wannan shi ne shiga gaba a share wa runduna hanya. Yaran nan da muke ɗora wa gora za su iya. Wanda ya iya haddace lambobin waya 20 da sunan kowane ɗan wasan ƙwallon Turai ba zai kasa koyon cike takarda ɗaya ba. Ba mu taɓa gwada su da shi ba ne, saboda ɗan da ya san darajar ƙuri'a yana da wuyar sallama da dubu biyu, kuma wata rana zai iya cewa shi ma yana son kansila. Ina zargin wannan ne ainihin abin da wasu manyanmu ke tsoro, ba 'yan wancan ɓangaren ba.

Da muka iso Gusau rannan, mun sauke dattijon a inda zai hau motar Bungudu. Kafin ya rufe ƙofa ya ce mani, "In ka tashi rubutawa, kak ka zagi yaran. Jikana na cikin bas ta biyu." Shi ya sa ban zage su ba, kuma ina roƙon duk wanda zai yaɗa wannan rubutu kada ya mayar da shi sandar dukansu. Ba su suka aro kalmar ba, ba su suka cika jakar ba.

Ga abin da zan kai gaban shugabanni a zamanmu na gaba, ina faɗa tun yanzu don kada a ce na yi wa kowa kwanton ɓauna. Kason nan da ba a faɗin sunansa a soke shi daga kasafin kowane taro, a mayar da shi kuɗin horar da wakilan rumfa. Duk wanda zai tsare tsari a taronmu a rubuta sunansa da mazaɓarsa da wanda ya tsaya masa. Wanda kuma ya dage lallai sai an fito da bas ɗin yara da gora, ba mu hana shi ba, amma ɗansa na cikinsa ya zauna a kujerar gaba. In an ƙi, ni dai kada a sake miƙo mani jaka.

'Yan uwa na Tsafe da Bungudu da sauran mazaɓun Gusau, akwai aikin da nake roƙonku kafin ranar. Kowa ya san yaro ɗaya ko biyu a unguwarsu da ya ji rauni, ko aka ɗaure, ko ya zauce a dalilin tafiyar nan tamu. Ku rubuto su a takarda, da abin da ya same su, da wanda ya biya kuɗin magani. Kada a sa sunan kowa a fili, a kawo mani hannu da hannu. Nawa na farko yana nan, ɗan maƙwabciyata, kuma keken ɗinkin uwarsa har yau ba a mayar mata ba.